Suna Linzami: Yadda Za Ku Mayar Wa Finafinanku Sunayensu

 

Tambayar wannan mako ta fito daga wani ɗan aji biyar a Gangara, cikin ƙaramar hukumar Jibiya. Ya ce yayansa ya sa musu manhajar Kodi a ɗan akwatin Android da ke haɗe da talabijin ɗin gidansu, suka zuba mata finafinan da suka daɗe suna tarawa a memori. Da aka buɗe, wasu finafinan ba su fito a jeri ba sam, wasu sun fito babu hoto, wasu kuma sun fito da fostar wani fim daban. Abin da ya fi ba su kunya shi ne ranar da aka danna hoton katun domin yara su kalla, sai ga fim ɗin yaƙi da zubar da jini a gaban mahaifiyarsu. Yana tambaya ko manhajar ce ta lalace.

Manhajar lafiyarta ƙalau, ƙanina. Sunayen da ke jikin finafinan ne suka ruɗa ta, kuma gyaran yana hannunka.

Ina kwalin ya tafi?

Ku tambayi iyayenku yadda ake kallon fim a da. Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, har zuwa zamanin Sangaya da Wasila, fim yana zuwa ne a kaset, kaset kuma yana cikin kwali. A jikin kwalin akwai sunan fim da hoton jarumai da sunan kamfani da na darakta. 'Yan kasuwa kan sari kaset a Ƙofar Wambai su kai Katsina da Jibiya, daga nan ya tsallaka Magama zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, kuma duk inda ya je da sunansa yake tafe. Da faifan CD ya zo, shi ma da kwalinsa ya zo.

Yanzu fim ya koma fayil. Ana tura shi a shagon turi, ko ta Xender, ko ta WhatsApp, kwalin kuma babu shi. Duk abin da aka saba bugawa a kwalin nan, wato suna da shekara da jarumai da taƙaitaccen labari da hoto, shi masana kwamfuta ke kira metadeta. Mu kira shi bayanan fim. Aikin manhajoji irin su Kodi da Plex da Jellyfin shi ne su sake ɗinka wa kowane fayil kwalinsa a fuskar talabijin.

Yadda manhajar ke gane fim

Kodi kyauta ce, kuma ta daɗe. Asalinta na komawa ga wata manhaja da wasu masu sha'awa suka rubuta wa na'urar wasa ta Xbox a 2002. An jima ana kiranta XBMC kafin a sauya mata suna zuwa Kodi a 2014. Jellyfin ita ma kyauta ce, ta fito a ƙarshen 2018.

Abin da ya kamata ku riƙe shi ne, babu ɗaya daga cikinsu da ke kallon fim ɗin. Ba su san fuskar Ali Nuhu ba, ba su san muryar Shah Rukh Khan ba. Suna da wani ɗan aike a cikinsu wanda ke karanta sunan fayil, ya ruga intanet ya tambayi rumbun bayanai, ya dawo da amsar da ta fi kama da abin da ya karanta. Rumbun da aka fi tambaya shi ne TMDB, wanda aka kafa a 2008, kuma jama'a ne masu sa kai suke cika shi. Akwai kuma IMDb, wanda wani Baturen Ingila mai suna Col Needham ya fara a 1990, kamfanin Amazon ya saye shi a 1998.

To, ɗan aike ba ya wuce abin da aka faɗa masa. In ka aiki yaro kasuwar Jibiya ranar Lahadi ka ce ya kira maka Musa, ba ka ce Musa wane ba, duk Musan da ya fara amsawa shi zai janyo maka.

Abubuwa biyar da ke ruɗa ɗan aike

Na farko, fayil marar suna. Duk bidiyon da ya biyo ta WhatsApp yakan sauka da suna irin VID-20240312-WA0007.mp4. Wannan kwanan wata ne da lamba kawai. Haka ma sunaye irin "sabo 2" ko "indiya mai kyau". Ɗan aike zai dawo hannu rabbana, shi ya sa fim ɗin ba ya fitowa a jeri.

Na biyu, 'yan takwara. Akwai Don na Amitabh Bachchan na 1978, akwai Don na Shah Rukh Khan na 2006. Akwai Agneepath na 1990 da na 2012. Ghajini an fara yin sa da harshen Tamil a 2005 tare da Suriya, aka sake yin sa da Hindi a 2008 tare da Aamir Khan. The Lion King akwai na 1994 akwai na 2019. Ko a nan gida, akwai tsohon Mujadala na zamanin kaset, akwai sabon da aka yi a 2018. In babu shekara a jikin suna, sai dai manhaja ta yi canki-canka, alhali kama da wane ba ta wane.

Na uku, fassara. Mu Hausawa mun daɗe muna raɗa wa 'yan Indiya sunayenmu. Iyayenmu Sarkin Ƙarfi suke ce wa Dharmendra, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Da kamfanonin fassara irin su Algaita na Kano suka shigo, finafinan da kansu suka riƙa samun sunayen Hausa. Sunan yana da daɗi a baki, kowa a unguwa da shi ya san fim ɗin, amma rumbun da ke intanet da sunan asali ya san shi.

Na huɗu ya fi shafar ku mazauna bakin iyaka. Memori yana shiga Nijar yana fitowa kamar yadda mutane ke yi, don haka za ku riƙa cin karo da sunayen Faransanci. Le Roi lion shi ne The Lion King. Maman, j'ai raté l'avion shi ne Home Alone na 1990. In kun ga VF a ƙarshen suna, ana nufin an juya maganar zuwa Faransanci. In VOSTFR ne, maganar asali tana nan, rubutun fassara ne a ƙasa da Faransanci. TMDB ya san da yawa daga irin waɗannan sunaye, amma in aka gutsure sunan ko aka cusa masa tarkacen haruffa, sai ɗan aike ya ɓace.

Na biyar shi ne mafi ciwo: fim ɗin ba ya cikin rumbun gaba ɗaya. Wannan ya fi faruwa da finafinan Hausa, musamman tsofaffi, da kuma waɗanda ake yi a Nijar. Manhaja ba ta son ta dawo babu komai, sai ta lalubo wani fim na wata ƙasa mai suna kusa da naka ta manna masa.

Gano ainihin fim ɗin

Kafin ku gyara suna, sai kun san sunan gaskiya. Ku buɗe fim ɗin da VLC ko MX Player ku duba mintunan farko da na ƙarshe, inda ake jero sunaye. Finafinan Indiya suna da wata alama mai amfani: yawanci suna farawa da takardar shaidar hukumar tace finafinan ƙasar, wadda ke ɗauke da sunan fim da harshensa da kwanan wata. A jikinta akwai harafi. U na nufin kowa zai iya kallo, UA na nufin yara su kalla bisa kulawar manya, A kuma na manya ne zalla. In mai fassara bai yanke wannan wuri ba, ku tsayar da fim ɗin ku kwafe.

In an yanke, ku nemi sunan jarumin da kuka gane a TMDB ko IMDb, ku bi jerin finafinansa kuna karanta taƙaitaccen labari har ku dace. Kuna iya ɗaukar hoton fuskar waya a wani wuri na fim ɗin ku ba Google Lens ya nema. Sannan ku gwada tsawon fim ɗin da abin da rumbu ya rubuta. In naku awa biyu da rabi ne, rumbu ya ce awa ɗaya da minti ashirin, to akwai alamar tambaya.

Gyaran suna

Ƙa'idar ɗaya ce a duk manhajojin nan uku: sunan asali, sai shekara a cikin baka. Misali:

Don (1978).mp4
Don (2006).mp4
Mansoor (2017).mp4

A waya, ku buɗe manhajar da ke nuna fayiloli, ku danna kan fayil ɗin ku riƙe, ku zaɓi Rename. Kada ku taɓa 'yan haruffan ƙarshe da ke bayan ɗigo, irin su mp4 ko mkv ko 3gp, domin su ke gaya wa na'ura irin fayil ɗin. Ya fi kyau kowane fim ya samu foldarsa mai suna iri ɗaya da shi.

Fim ɗin da aka fassara, ku ba shi sunansa na asali da shekararsa, sannan ku ƙara bayani a baya, kamar haka: Ghajini (2008) - Fassarar Hausa.mp4. Ɗan aike zai kama suna da shekara, ku kuma kun san wanne ne mai Hausa.

Finafinanmu da yawa suna zuwa kashi-kashi, na ɗaya da na biyu. In fim ɗaya ne aka raba, ku sa su a folda ɗaya, ku ƙara part1 da part2 a ƙarshen suna.

Masu dogon zango irin su Labarina da Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Izzar So suna da tasu ƙa'idar. S na nufin zango, E na nufin fitowa. Labarina S03E05.mp4 shi ne zango na uku, fitowa ta biyar. Abu mai muhimmanci: kada ku haɗa su a babbar folda ɗaya da finafinai. Kodi takan tambaya me ke cikin folda lokacin da kuka nuna mata ita. In kuka ce finafinai ne alhali akwai masu dogon zango a ciki, za ta ɗauki kowace fitowa a matsayin fim mai zaman kansa, ta shiga raba musu fostoci barkatai.

Bayan kun gama, ku sa Kodi ta yi Clean library domin ta share tsofaffin sunaye, sannan Update library domin ta sake karantawa.

In har yanzu ta yi kuskure

A Kodi, ku buɗe shafin bayanin fim ɗin ku danna Refresh, za ta kawo jerin 'yan takwara ku zaɓi na gaskiya, ko ku rubuta sunan da hannu. A Plex ana kiran wannan Fix Match, a Jellyfin kuma Identify.

Hanyar da ba ta kuskure ita ce lambar shaida. Kowane fim a IMDb yana da lamba mai farawa da tt, wadda za ku gani a adireshin shafinsa. The Lion King na 1994 shi ne tt0110357. Mai lamba ta farko, tt0000001, wani ɗan gajeren fim ne na 1894 mai suna Carmencita. Kamar lambar jarrabawarku ce: ko da Aisha Musa goma ne a ajinku, kowacce da lambarta. Jellyfin tana da gurbin sa wannan lamba a Identify. A Kodi kuma, ku buɗe sabon fayil na rubutu, ku manna adireshin shafin fim ɗin na TMDB ko IMDb a ciki, ku ba shi suna iri ɗaya da fim ɗin amma ya ƙare da nfo, ku ajiye su tare.

In kuma fim ɗin babu shi a rumbu, ku cire bayanan ƙaryar da aka manna masa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Musamman ku kula da wannan in akwai ƙanana a gida, domin bayanan shekarun da suka dace a kalli fim suna biyo fostar ne. Fosta ta kuskure tana nufin gargaɗi na kuskure.

Ranar da babu sabis

Mutanen Jibiya ba sa buƙatar a ba su labarin wannan. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Jibiya, kuma an shafe watanni a haka. A irin wannan lokaci ɗan aike ba shi da inda zai je. Ko da sabis, ba kullum ake da kuɗin data ba.

Maganin shi ne bayanan su zauna a memori tare da fim. Fayil ɗin nfo da na ambata yana iya ɗaukar komai: suna, shekara, darakta, jarumai da labari. Ba sai kun rubuta shi da hannu ba. Ranar da kuke da data kuma jerinku ya daidaita, ku shiga saitin Kodi ku zaɓi Export library, ku ce ta ajiye wa kowane fim nasa daban. Za ta zuba nfo da fosta kusa da kowane fayil. Mai kwamfuta yana iya amfani da tinyMediaManager ko MediaElch, waɗanda ke ba da gurabe a cike, ko da fim ɗin babu shi a intanet. Fosta kuma, ku ba hoton sunan fim ɗin ku ƙara masa -poster.jpg a ƙarshe. Daga nan kuna iya gaya wa Kodi ta dogara da bayanan cikin gida kawai, da zaɓin Local information only. Ko akwatin ya lalace aka sayi wani, aikinku yana nan a memori.

Namu fa, wa zai rubuta su?

Dalilin da ya sa fim ɗin Amurka ke fitowa da fosta cikin daƙiƙa biyu shi ne wani ya zauna ya shigar da bayanansa. Mai Martaba, wanda Najeriya ta miƙa wa gasar Oscar a 2024, ba zai yi wahalar samu ba, domin duniya ta ji labarinsa. Amma ku gwada neman finafinan da iyayenku suka kalla suna samari da 'yammata, ku ga nawa za ku samu da cikakken bayani.

Fim yana iya ɓata. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya ba da umarni a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya shafe shekaru ana ganin kamar ya salwanta. Daga baya aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya, wata cibiya mai suna Arsenal a birnin Balin na Jamus ta taimaka aka gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na birnin a 2018. An gane shi ne domin an san sunansa, an san wanda ya yi shi da shekarar da aka yi shi. Fayil ɗin da ake kira "VID-WA0007" wa zai neme shi?

Akwai kuma haƙƙi. Bayan jarumin da kuke gani, akwai marubucin labari da mai ɗaukar hoto da mai tacewa da mawaƙi. Yawancin abin da ake turawa a shago ba tare da izinin waɗannan mutane ake tura shi ba, kuma ko sisi ba ya isa gare su. Inda duk kuka samu dama, ku kalli fim a tashar masu shi ta YouTube, ko a Arewa24, ko ku saya daga hannunsu. Mafi ƙarancin abin da za mu yi musu shi ne kada mu bari sunayensu su goge. In fassara ce, ku rubuta sunan kamfanin da ya fassara a cikin bayanan, shi ma aiki ya yi.

TMDB a buɗe yake ga mai son ƙara fim, sai dai yana da ƙa'idoji, kuma ba a shigar da abin da ba a tabbatar ba. Haka Wikipedia ta Hausa. Ku nemi malamin kwamfuta ko wani babba ya zauna da ku. Hujjarku ita ce sunayen da ke jikin fim ɗin kansa, ko tsohon kwalin kaset, ko tsofaffin fitowar mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya fara bugawa a 1999. Abin da kuka ji a majalisa ba hujja ba ce.

Wannan dabara ta wuce fim

Ku duba wayar da kuke karatu da ita. Tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO da JAMB da aka turo muku, da wane suna suke zaune? In DOC-WA0012 ne, ranar da jarrabawa ta matso za ku ɓata rabin awa kuna buɗe fayil ɗaya bayan ɗaya. Ku sa musu suna a tsari guda: hukuma, darasi, shekara. Misali, NECO Lissafi 2022. Bidiyon darasi kuma ku sa darasi da babi da sunan malami. Wannan shi ne aikin da ma'aikatan laburare ke yi, kuma darasi ne guda da ake karantawa har digiri a jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello.

Aikin gida na wannan mako: kowa ya zaɓi fayil goma a memorin gidansu ya gyara musu suna da shekara, bayan ya nemi izinin mai memorin. Sannan ya tambayi mahaifiyarsa ko mahaifinsa sunan fim ɗin Hausa ɗaya da suka fi so a da, ya nemo shekararsa da daraktansa da kamfanin da ya yi shi, ya faɗi inda ya samo. Ku aiko mana ta hannun editan wannan shafi, za mu buga waɗanda suka zo da hujja.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A yi karatu da kyau.